Sarkin da Ya Hana Sunan Tunau

A'a 'yar nan, Tunau ba sunan yanka ba ne. Lakabi ne na yaron da aka daɗe ana jira, wato Allah ya tuna da uwarsa. Matso ki ji.

A zamanin da, wani ɗan fashi mai suna Tunau ya kashe ɗan sarki a hanyar fatake, ya gudu. Sarki ya sa aka yi shela: duk mai wannan suna a sare kansa, garin da ake kira Tunau kuma, wanda wani maharbi ya kafa, a ƙone shi. Kafin la'asar an kashe wani majemi da wani tsoho makaho masu wannan suna.

Waziri Jatau ya ga jininsu a ƙofar fada. Ya shiga wurin uwar sarki, ya roƙe ta ta fito.

Da fada ta cika, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a ƙone gari sai babba ya ambaci sunansa. Ga Iya, ta ambata."

Sarki ya ce, "Iya, faɗi."

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Garin can na bakin rafi."

"Sunansa nake so!"

"Bakina ba ya iyawa."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Kin san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko da a kan gari ne.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta daɗe ba ta haihu ba kafin kai. Kakarka ta sa maka Tunau. Kana jariri aka kai ka riƙo wurin baffanka, lakabin ya ɓace. Ga hauni nan tsaye da takobi. Da wa zai ci gaba?"

Sarki ya sa hauni ya mayar da takobi kube. Ya janye dokar. Mutanen garin Tunau da kansu suka bi sawun ɗan fashin, suka kawo shi ɗaure, alƙali ya yanke masa hukunci. Majemin da makahon kuwa, sarki ya biya diyyarsu, ya ɗauki makararsu a kafaɗarsa. Amma matar majemin ba ta ƙara amsa gaisuwar bafade ba har ta mutu.

Bari in tashi, ga baƙi can suna sallama, ko ruwa ban kai musu ba.