Ragowar Moɗar Inna Bilki

An yi wani mutum a nan Abijan, ba zan ambaci sunansa ba, domin mahaifiyarsa tana raye. Allah bai ba shi dukiya ba, amma ya ba shi harshe mai gane ɗanɗano. Da wannan baiwa yake cin abinci a wani kamfanin fitar da kafe, wato kofi, kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville. Za a jera masa kafe da aka dafa daga buhuna daban-daban, ya ɗiba da cokali, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Idan ya ce wannan ya sha danshi a sito, ba a gardama. Ƙa'idar aikin ke nan: a kurɓa, a tofar.

Mahaifiyarsa, mu kira ta Inna Bilki, tana zaune a Adjamé Saint-Michel. Sana'arta nyamakuji, wato lemon citta, kuma a ƙofar babban masallacin Treichville ake sayar mata. Wata rashin lafiya ta tafi mata da ɗanɗano, har ba ta rarrabe gishiri da sukari. Saboda haka kowace safiya, kafin ya tari gbaka, motar haya, zuwa aiki, sai ta cika wata tsohuwar moɗa ta miƙa masa.

"Babana, taɓa ka ji."

Babana take ce masa, domin sunan mahaifinta ya ci. Shi kuma ya kurɓa ya ce, "Inna, ƙara tsamiya kaɗan." Sai ta gyara, sannan ta shanye ragowar da ya bari. Ba ta jin daɗinsa, amma ba ta taɓa zubar da ragowar ɗanta ba.

Yana da aboki tun jami'a, wani ɗan ƙabilar Bawule mai suna Yao, mutum mai fara'a da riƙon zumunci. Yao ya buɗe wani ɗan ƙaramin wurin dafa giya a hanyar Bassam, tukwane kaɗan da ma'aikata kaɗan. Yana yin wata giya mai launin zuma, wadda yake zuba wa ɓawon lemo. Masu saye suka ce akwai abin da bai zauna ba a cikinta, shi kuma ya kasa ganowa. Sai ya zo wurin mutumin nan.

"Mon frère, na san addininka. Idan ka ce a'a, magana ta ƙare. Amma duk Abijan babu baki irin naka."

Mutumin nan ya kwana yana juyi a kan shimfiɗa. Zuciyarsa ta ce masa bari. Iliminsa kuwa ya kawo masa hujja. Ya tuna ya taɓa tambayar malami game da aikinsa a watan azumi, aka ce masa wanda ya ɗanɗana ya tofar, bai haɗiye komai ba, azuminsa bai karye ba. Sai ya ce a ransa: idan tofarwa ta tsare azumi, me zai hana ta tsare ni a nan? Ya 'yan uwa, kafe halal ne da aka hana shi na wasu sa'o'i. Giya kuwa ba ta da sa'ar halal. Ya san wannan sarai, amma ya zaɓi ya manta.

Ranar Asabar ya je. Yao ya tsiyaya masa a gilashi. Ya ɗaga ya dubi launinta a hasken taga, ya shinshina. Ya ji ƙanshin mangwaro ɗanye da na ciyawa bayan ruwan sama, kuma, Allah ya yafe masa, ƙanshin ya burge shi. Ya kurɓa, ya juya, ya tofar a bokiti.

"Ban ji aibi ba," in ji shi.

Yao ya yi dariya. "Ai ba kafe ba ce, Alaji. Ɗacin giya a maƙogwaro yake zama. Wanda bai haɗiye ba bai ji ta ba. Bar shi kawai, na gode."

Yao ya miƙa hannu zai karɓi gilashin. Ba wanda ya matsa masa. Abin da ya kasa jurewa shi ne a ce akwai ɗanɗanon da ya fi ƙarfin harshensa. Ya haɗiye.

Sannan ya ce, "Farin da ke cikin ɓawon lemon ne. Kuna yankawa da zurfi."

Kuma gaskiya ya faɗa. Da ma a ce ya yi kuskure! Da an yi masa dariya ya dawo gida lafiya. Amma giyar ta gyaru, aka yabe shi, kowace sabuwar tukunya sai an kira shi. Daga baya ba ya jiran kira. Yao da kansa ya ce masa ya rage, sai ya koma saye a inda ba a san shi ba.

Domin kada a ji wari, ya fara tauna kanumfari dare da rana. Duk wanda ya taɓa sa kanumfari a haƙori mai ciwo ya san aikinsa: kashe wurin yake yi. Giya ta dakusar da harshen, abin da ya ɓoye giyar da shi ya ƙarasa shi. Wata rana ya amince da kafe mai funfuna, kayan suka haye teku, aka dawo da su. Kamfanin ya sallame shi.

Amma moɗar safe ba ta daina zuwa ba. Yana kurɓa, ba ya jin komai, yana cewa, "Ya yi, Inna." Ta yarda, ta shanye ragowar. Masu saye suka fara wucewa. Sai da wani dattijo mai sayar da goro, Malam Mijinyawa, ya tare shi bayan Juma'a.

"Ɗana, lafiyar Hajiya kuwa? Cittarta yau yaji kamar wuta, gobe salam. Mun ji nauyin faɗa mata."

Washegari ta miƙa masa moɗar. Ya riƙe ta, ya dubi bakin moɗar da ya ɓantare, inda leɓensa ke taɓawa, inda nata ke biyo baya. Tsohuwar da ko ƙofar mashaya ba ta bi, watanni ke nan tana shan ragowar bakinsa.

"Inna, bakina ba shi da tsarki. Kuma ba na jin komai."

Ba ta ɗaga murya ba. "Na sani, Babana. Tun ranar da ka fara gaishe ni kana kau da fuska."

"To me ya sa kike sha?"

"Idan na zubar, wa ya rage maka?"

Ya tashi ya wanke moɗar da sabulu. Ya cika ta, ya kai wa maƙwabciyarsu Sa'adiyya, ya roƙe ta ta riƙa ɗanɗana wa Inna kowace safiya. Sannan ya dawo ya saɓi jarkokin nyamakujin zuwa bakin titi. Har yau shi ke ɗaukar su zuwa ƙofar masallaci. Ya bar giya, amma harshen bai dawo yadda yake ba, kuma bai sake yarda ya sa baki a moɗar ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai faɗi saboda jahilci ba. Hujja ya ɗauko daga inda ta dace ya kai ta inda ba ta dace ba, girman kai ya ƙarasa sauran. Wanenmu ba shi da baiwar da yake jin kunyar a ce ta gaza? Kuma wanenmu ba shi da wani a gida mai shan ragowarsa, yana sane, yana shiru?

Allah ya kiyaye mu daga hujjar da son zuciya ke kawowa. Allah ya tsarkake abin da muke bar wa iyayenmu, ya karɓi tuban wannan bawa nasa. Amin.