Ranar da Zakara Ya Manta Sunan Uban Zaki

Ga ta nan tafe gare ku!
Ta iso mu saurara!

Zakara mawaƙi ne mai ji da kansa. Kunkuru ke masa kiɗan kalangu, tsohon Kwaɗo kuma amshi.

Ran nan Zaki ya gayyace su bikin suna. Zakara yana jero kakannin Zaki, da ya zo kan ubansa sai sunan ya ɓace masa. Ya ce, "Zaki ɗan... ɗan..." Zaki ya tashi zaune, Kura ta fara lasar baki.

Kunkuru ya ƙara wa kalangu wuta. Kwaɗo ya buɗe murya, "Ɗan Mai-Geza, ɗan Mai-Geza!" kamar dama haka aka tsara waƙar. Zakara ya cafe. Zaki ya tuna ubansa har da hawaye, ya tuɓe rigarsa ya ba Zakara.

A hanya Zakara ya ce, "Baba Kwaɗo, rigar nan taka ce."

Kwaɗo ya ce, "Riƙe abarka, yaro. Shekara ashirin ina bayanka, ko numfashinka ya sauya na sani."

Shi ya sa har yau in kwaɗi suka ɗauki amshi, zakara shiru yake yi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera!