Jingar Jatau a Kan Tsohuwar Marina

An yi wani sarki a zamanin da, a wani birni da ake kira Kwargaba, sunansa Zailani, mutum mai son gine-gine, mai kaifin basira, wanda ya gwammace a zage shi da a yaudare shi. A farkon sarautarsa ya taɓa ba wani magini aikin katangar barga a kan ladan yini, wato kullum a biya shi wuninsa, a kuma saya masa ƙasa da ciyawa da azara gwargwadon abin da ya ce aiki ya ci. Maginin nan, Allah ya jiƙansa, ya ga ya sami saniyar tatsa, sai ya shiga tafiyar hawainiya: yau ƙasa ba ta jiƙu ba, gobe tubali bai bushe ba, jibi jakin ɗibar ruwa ya yi targaɗe, har dukushin da aka fara katangar dominsa ya isa ɗaura sirdi ba a gama ba. Tun daga nan sarki ya sha alwashin ba zai ƙara ba da gini ba sai jinga, a yanke kuɗin aiki ɗungurungum tun ba a sari ƙasa ba, a yanke lokacin gamawa, riba ta magini ce, faɗuwa ma tasa ce. Ni dai, ya kai mai karatu, ban ga laifinsa ba, sai dai na lura mai mulki idan abu ya ƙona shi yakan kafa doka da zafin ƙunar, ba ya tsayawa duba gefe da gefe. Dokar ta zauna haka shekara da shekaru.

Ana nan, sai sarki ya yi nufin gina babban soro gabas da fada, inda zai riƙa zama da malamai da baƙi. Wani magini mai suna Jatau, wanda kowa ya shaida kyan hannunsa, ya auna fili da igiya, ya karɓi jingar, aka kuma gindaya masa sharaɗi a gaban shaidu: idan ruwan farko ya sauka bai rufe soron ba, za a karɓe gidan da ya gada wajen mahaifinsa, a kuma hana shi gini a birnin.

Da aka fara haƙa harsashi, sai dagi ya nutse cikin ƙasa kamar an soka shi a tuwo. Ashe filin tsohuwar marina ce, wadda ba mai rai da ya tuna da ita, kuma ƙarƙashinsa ramukan rini ne birjik, an cike su da toka da shara. Duk magini ya san bangon da aka ɗora a kan irin wannan ƙasa tsayuwar aro yake yi. Jatau ya sa aka yashe ramukan ɗaya bayan ɗaya har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka cike su da marmara da jar ƙasa, aka daddaɓe. Wannan kuwa ya yi daidai. Inda ya kuskure shi ne bai gaya wa kowa a fada ba, domin a al'adar maginan Kwargaba babu abin kunya kamar mutum ya karɓi jinga sannan ya koma yana neman ƙari, sai su sa masa suna mai baki biyu, ko a taro ba a ba shi wurin zama na kirki. Saboda haka ya haɗiye maganar, kuɗin jinga ya ƙare a cikin rami, ya sayar da jakunansa, ya sayar da hatsin rumbunsa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, bango kuwa bai wuce kafaɗa ba. Abin tausayi ne ƙwarai ka ga mutumin kirki yana cutar kansa da kunya.

Ma'ajin sarki, mutum mai amana amma marar sassauci, da ya ga wa'adi ya gabato aiki bai kammala ba, sai ya kawo Jatau fada. Bayan Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya bayyana abin da ya tarar, sai Ma'aji ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba na ƙaryata shi, amma ina roƙon a yi masa tambaya ɗaya. Malam Jatau, da ka tarar da ƙasa mai kyau, ka gama da wuri, ka ci riba mai yawa, da za ka dawo da rarar cikin baitulmali?"

Jatau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya da ban dawo da ita ba."

Ma'aji ya ce, "To, ka ji, ranka ya daɗe. Wanda zai riƙe riba shi ya kamata ya riƙe faɗuwa. Idan aka yi masa ƙari yau, gobe kowane magini zai zo da labarin raminsa, mu koma zamanin katangar barga."

Sarki ya ga maganar Ma'aji ba ta da makusa, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya da ita. Sai ya dubi wazirinsa Ɗalhatu, dattijo mai ilimin fiƙihu, mai jinkirin magana, ya ce, "Waziri, ga matsala na ɗora maka. Idan na karɓe gidan mutumin nan, na hukunta wanda ya yi mini aiki da gaskiya. Idan na ƙyale shi, na warware alkawarin da aka ƙulla a gaban shaidu, na kuma buɗe ƙofar da na sha wuya kafin in rufe. Ka nemo mini hukuncin da ba zai ɓata alkawari ba, ba zai kuma zalunci mai amana ba. Ka gaya mini, tsakanin jinga da ladan yini, wanne ne adalci?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, amsar ba ta cikin littafina ni kaɗai. Ina roƙon a tara mini maginan gari a bakin aikin, sarki ya halarta da kansa, kuma a ba su aminci cewa duk abin da suka faɗa a wurin ba za a kama su da shi ba." Sarki ya amince.

Da hantsi aka hallara a filin, magina suka zazzauna a gindin bangon da bai ƙarasa ba, Jatau ya raɓe can gefe. Waziri ya nuna sauran filin da ba a taɓa ba, ya ce sarki na son a ƙara ɗaki a nan, wa zai karɓi jinga, kuma nawa? Magina suka kalli juna. Wasu suka ce su dai a yafe musu, waɗanda suka yi ta maza kuwa suka yanka kuɗi ninkin ba ninkin. Waziri ya nuna inda Jatau ya riga ya daddaɓe, ya ce to, in a nan ne fa? Nan da nan baki ya buɗe, kowa na taya aiki a kan kuɗin da aka saba, har da masu rage wa juna.

Waziri ya ce wa sarki, "Ranka ya daɗe, ɗakin ɗaya ne, tubalin ɗaya ne. Abin da suka ɗora a kan na farko kuɗin tsoro ne, kuma ko an sami rami ko ba a samu ba, baitulmali ne zai biya shi. Amma ba wannan ce babbar tambayata ba."

Ya juya wajen Sarkin Magina, wani tsoho mai suna Anaruwa, wanda hannunsa ya bar aiki amma bakinsa bai bar gaskiya ba, ya ce, "Baba, a kan amincin da sarki ya bayar, a ce yau an karɓe gidan Jatau. Gobe ɗaya daga cikin yaranka ya karɓi jinga, ya tarar da irin wannan rami. Me zai yi?"

Tsoho ya murza gemu, ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, tunda an ce a faɗa, zan faɗa. Ba zai yashe ba. Zai watsa jar ƙasa a bakin ramin, ya tattake, ya ɗora tubalinsa, ya yi yaɓe sumul, ya karɓi yabo. Soron zai ga damina uku ko huɗu lafiya lau. Ranar da zai rufta kuwa, ba ya sallama, duk wanda ke ciki shi ke nan. Kuma ba mugunta ce za ta sa shi ba, ranka ya daɗe, yana da iyali ne, ya kuma ga abin da gaskiya ta jawo wa Jatau."

Ba wanda ya musa a cikin magina. Sarki ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya tuna shi ne zai zauna a ƙarƙashin wannan rufi tare da malamansa, sai jikinsa ya yi sanyi.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan ba kallon shari'ar Jatau suka zo yi ba, sun zo su koyi abin da za su yi da rami na gaba. Amma game da tambayar sarki, jinga adalci ce a kan abin da ido ya gani, igiya ta auna, domin tana hana magini jan ƙafa, kuma a nan Ma'aji ya yi gaskiya. Abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙasa kuwa, wanda mai aiki da mai ba da aiki duk ba su san shi ba, yanke masa kuɗi garari ne, wato ciniki a kan abin da ba a sani ba, malamai sun hana shi, domin dole ɗayansu ya ci haƙƙin ɗaya. Wannan sai ladan yini da kuɗin kaya, tare da wakili mai gani da ido. Alkawarin Jatau a kan soro aka ƙulla shi, ba a kan marina ba, don haka jingar soro tana nan, ba ƙari ko wuri ɗaya. Aikin rami kuwa a sa Sarkin Magina ya kimanta abin da ake iya shaidawa a biya shi. Abin da ya kashe wanda ba a iya shaidawa ya tafi, wannan shi ne ladan shirunsa, domin da ya yi magana tun ranar farko, da ba mu zo nan ba."

Sarki ya zartar da haka. Ya sa a lulluɓe kan bangon da zana har damina ta wuce, ya ɗage wa Jatau wa'adi, ya kuma sa aka yi shela cewa duk maginin da ya tarar da abin da ba a gani ba, ya dakata ya kira shaida, wanda ya kira shi mai baki biyu kuwa zai gamu da fushin fada. Sa'an nan ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ba shi gona a bakin rafi, ya ce, "Na tambaye ka hukuncin mutum ɗaya, ka ba ni na gari duka."

Jatau ya yi godiya, ya kama hanyar gida. Ya tarar matarsa Tasalla ta riga ta ɗaure kaya, ta jera tukwane a tsakar gida, yara na zaune a kan ƙunshin tabarmi suna jiran dogarai. Ya tsaya a bakin ƙofa, hawaye na zuba, ya ce, "Kwance kayan, Tasalla, a nan za mu kwana."

Ka sani, ya kai mai karatu, adalci shi ne a ɗora wa mutum nauyin abin da ya gani ya yarda da shi, ba abin da Allah ya ɓoye wa kowa ba, kuma duk sarkin da ya bari faɗin gaskiya ya fi ɓoye ta tsada, to da hannunsa yake koya wa talakawansa ha'inci. Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari.