Zanen da Bahaguwa ta musanya

Akwai wata yarinya 'yar shekara sha shida da kowa ke kira Bahaguwa, saboda da hagu take komai. Allah ya yi mata baiwar zane. In ta kalli hoto sau ɗaya, sai ta fitar maka da shi kamar an haifi tagwaye.

A wurin wani tsoho take koyo, ana ce masa Baba Mai Zane. Ɗakin aikinsa yana saman wani shagon ɗinki, ga warin fenti, ga gwangwanaye cike da burushi, ga yara sun zauna a kan benci suna ɓata takarda. Ba ya karɓar komai daga iyayensu.

Da lokacin baje kolin zane na shekara ya matso, Bahaguwa ta ɗauko aikinta ta ajiye a gabansa, tana jiran yabo. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

"'Yata, bana ba za a rataya naki ba."

"Saboda me, Baba? Duk ɗakin nan wa ya fi ni?"

"Babu. Amma kwaikwayo kike yi. Hannunki ya yi gudu ya bar idonki a baya. Ki ƙara haƙuri."

Ta cika ta yi fam. Ta sauko daga benen tana huci, ko sallama ba ta yi ba.

A bakin titi ta haɗu da ɗan yayar mahaifiyarta, wani matashi da ake kira Kwalba, tare da abokinsa Tsinke, wanda saboda rama in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Su biyun suna aikin dako a zauren da ake baje kolin. Ta zazzage musu abin da ya faru.

Kwalba ya kalli Tsinke, suka yi murmushi.

"Ƙanwata, tsohon nan hassada yake miki. Kin san zanen nan nasa na matar da ke taje wa yarinya kai a bakin taga? Akwai dillalin da ya mutu a kansa. Ki zana mana irinsa sak. Ranar da za a kwashe kaya zuwa zaure, mu musanya a cikin mota. In duk garin nan suka kasa bambancewa, wa ya iya zane ke nan, ke ko shi?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama ta. Ta san zanen ciki da bai. Matar Baba ce marigayiya da 'yarsu tana ƙarama, ya zana su tun yana da ƙuruciya, bai taɓa yarda ya rabu da shi ba sai bana, da yake so ya faɗaɗa ɗakin saboda yara sun yi yawa.

Ta koma ta ɗauki hoton zanen a waya, ta kulle kanta a ɗaki. Mahaifiyarta tana leƙowa tana sa mata albarka, wai 'yarta ta dage da aiki.

Ranar kwashe kaya, da rana tsaka, direba ya tsaya shan ruwa. Tsinke ya tsare shi da surutu, Kwalba ya zare kusoshin firam ɗin, ya cire na asali ya ɗora na Bahaguwa. Kafin ka ce me, an naɗe zanen Baba kamar tabarma an cusa a buhu.

Aka buɗe baje koli. Mutane suka yi cincirindo a gaban zanen suna yabawa. Bahaguwa na tsaye a bayansu, daɗi kamar ya kashe ta. A ranta tana cewa, "Ashe kwaikwayo ma yana tara jama'a."

Wata likita ce ta saya. Da ta kai gida za ta rataya, sai babban yatsanta ya danna gefen zanen, ya fito da shuɗin fenti. Zanen da aka ce ya girmi 'ya'yanta, ga shi ko bushewa bai gama ba.

Da ta dawo da shi, shugaban zauren ya kira taro. Aka zaunar da Baba a gaban jama'a, ɗalibansa suna tsaye jikin bango, har da Bahaguwa.

Shugaban ya ce, "Dattijo, ka sayar wa baiwar Allah sabon zane da sunan tsoho. Ko dai ka ɓoye na asalin, ko kuma wani ya yi maka sata. In sata ce ka faɗa, yanzu mu kira 'yan sanda su tattara duk wanda ya taɓa kayan nan."

Baba ya tashi a hankali, ya gyara gilashinsa, ya matsa kusa da zanen. Ya bi gashin matar da ido, ya bi inuwar tagar. Ya daɗe a tsaye. Bai waiwayi inda ɗalibansa suke ba ko sau ɗaya.

"Kada a kira kowa," in ji shi. "Daga ɗakina ya fito. Laifin nawa ne."

Zauren ya kaure da hayaniya. Aka sauke sauran zanensa daga bango a gabansa, aka jingine su a bakin ƙofa kamar shara. Bahaguwa na tsaye tana kallo. Ta sunkuyar da kai ta bi bayan mutane ta fita.

Labari ya bazu. Waɗanda suka taɓa sayen aikinsa suka fara dawo da shi. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Yaran unguwa in ya wuce sai su bi shi da "Baba mai jabu". Har mahaifiyar Bahaguwa ta ce, "Allah ya rufa mana asiri da kika bar wurin nan. Mutum da furfurarsa!"

Abinci ya daina shiga mata. Ta nemi Kwalba ta same shi a bakin shago yana latsa waya.

"Yaya, ka ba ni zanen. Zan mayar."

"Ke ma kin huta. Dillalin yana jin hayaniya ya kashe wayarsa. Zanen yana can kangon da ke bayan makaranta, je ki ɗauka. Amma in kika ambaci sunana, ban san ki ba, ban san zancen ba."

A saman wani bango ta sami buhun, inda rufin yake yoyo. Da ta warware, fentin ya dinga zubowa kamar ɓawon ƙwai. Ruwa ya ci rabinsa, ɓera ya ci gefe. Fuskar matar ta tafi gaba ɗaya, sai hannunta riƙe da mataji.

Haka ta rungume shi ta hau benen. Ɗakin ya zama fayau, an fitar da bencina. Baba yana zaune a kan kwali yana ɗaure burushi da zare. Ta durƙusa ta shimfiɗa zanen a gabansa, kuka ya ƙwace mata.

"Baba, ni ce."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na matsa kusa. Ni na koya miki riƙon burushi, zan kasa gane tafiyar hannunki?"

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da na faɗa, da a bayan kantar 'yan sanda za ki kwana, kuma sunan ɓarauniya ya bi ki har gidan miji. Ni na ci zamanina. Na ɗauka sunana kawai zan rasa."

Sai a lokacin ya sunkuya ya dubi zanen. Ya ɗora yatsa a inda fuskar take a da, ya bar shi a wurin.

"Ba ni da wani hoton nata. Na yarda in sayar ne don na san zai zauna a bangon da ake kula da shi, ya fi ni daɗewa a duniya."

Bahaguwa ta miƙe da gudu, ba ta zame ko'ina ba sai ofishin shugaban zauren. Ta faɗa masa komai, tun daga mota har kango. Ya saurare ta yana juya biro, sannan ya yi dariya.

"Ke? Ke kika zana wancan? Yarinya, koma ki ce wa tsohon ya ji kunya. Ya rasa wanda zai turo ya wanke shi sai ƙaramar yarinya?"

Ta rantse, ta roƙa a ba ta fenti ta zana a gabansa. Ya kira mai gadi ya raka ta waje. A gida ma da ta faɗa, mahaifiyarta ta toshe mata baki, ta ce kada ta kuskura ta ja wa dangi abin kunya.

Ba a jima ba 'yar Baba ta zo da mota ta tafi da shi garin da take aure. Bahaguwa ta tsaya a bakin titi, ta kama murfin motar.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, 'yata. Tsakanina da Allah na yafe."

"In zo can in ci gaba da koyo?"

Ya kau da kai.

"A'a. Zuciyata ta yafe, amma idona ba zai iya kallon hannun nan yana zane ba."

Motar ta tashi. Bai sake riƙe burushi ba har Allah ya karɓi ransa. A garin kuwa, har yau in aka ambace shi, sai wani ya ce, "Wane, tsohon nan da ya sayar da jabu?" In Bahaguwa tana wurin takan ce, "Ba shi ba ne, ni ce." Sai a kalle ta a ci gaba da hira.

Darasi: Wanda ya ce maka "ka ƙara haƙuri" ba maƙiyinka ba ne, maƙiyinka shi ne mai hura maka kai don ya yi amfani da kai. Gaskiyar da ka danne a ranar da ake buƙatarta, wataƙila ka fito da ita daga baya ka rasa mai saurare, kuma yafiya ba ta mayar da abin da aka lalata. Ku tura wa matasan gidajenku, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya cuci wanda ya riƙe hannunsa.