Injin Roba Ba Ya Aiki Daga Gida

Akwai wani bawan Allah da ake kira Baban 'Yan Biyu, mai kula da injin narka roba a wata masana'antar bokitai. Ya daɗe a wurin, har zafin injin ya ƙone masa gashin hannu.

A da, mai kula da ma'aikata wani dattijo ne da kowa ke ce wa Kawu. Lokacin canjin aiki zai zagaya, mai uzuri ya faɗa masa, a nemo wanda zai riƙe masa, magana ta ƙare. Da Kawu ya yi ritaya sai aka ɗauko wata daga kamfanin manhaja, inda kowa yana gaban kwamfuta, wasu ma daga gida suke aiki. Kafin a ce me, ma'aikata sun laƙaba mata Madam Turo-Ta-Waya, don ko gaishe ta ka yi sai ka ji kamar za ta ce ka turo.

Ana haka likita ya ce za a yi wa matar Baban 'Yan Biyu tiyata ranar Alhamis, kuma dole mijin ya kasance a wurin. Ya je ofishin Madam, ya cire hular kwano, ya yi bayani.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam, ka shigar a manhaja."

Ya koma gida, 'yarsa ta cike masa. Washegari yana bakin inji amsa ta shigo, wai ya tabbatar kafin azahar. To, dokar masana'anta ce ba a shiga ɗakin injuna da waya, a akwati ake kulle ta a bakin ƙofa. Ya tashi daga aiki da yamma ya tarar an soke buƙatarsa.

Ya sake komawa. "Ranki ya daɗe, wayar tana kulle. Ta ina zan gani?"

"A inda na fito ba a kawo mini irin wannan uzurin. In ya zama dole, ka yi aiki daga gida ranar mana."

Ya tsaya yana kallonta. "Injin zan ɗora a kai in tafi da shi asibiti?"

Jama'a, wannan wane irin rainin hankali ne? Mace tana zaune cikin sanyin ofis, ba ta taɓa leƙa inda ake aikin ba, tana yanke wa mutane hukunci.

Baban 'Yan Biyu ya yi yadda aka saba. Ya roƙi abokin aikinsa Dogo ya riƙe masa, ya tafi asibiti. Ranar Alhamis Dogo ya zo da sassafe, katinsa na shiga ya ƙi buɗe ƙofa, wai manhaja ta ce ba ranarsa ba ce. Kafin a gama gardama da masu gadi, robar da 'yan aikin dare suka bari ta daskare a cikin inji, aiki ya tsaya cak.

Matar tana farfaɗowa ke nan saƙo ya shigo wayar mijin: an dakatar da shi, za a sallame shi. Ya kife wayar don kada ta gani, ransa yana ƙuna. Ga mara lafiya a gado, ga tagwaye, ga aiki yana neman tafiya.

Da Manajan masana'antar ya ji duk bayanin, sai ya kira Baban 'Yan Biyu ya zo a fasa robar, ya kuma ce da Madam: "Kafin ki sallami mutum, zo ki tsaya inda yake tsayawa."

A bakin ƙofa mai gadi ya miƙa hannu. "Waya, Madam." Ta yi tsaki ta ba shi.

Ta yini a cikin ƙara da zafi, gumi har cikin takalmi, tana ta laluba aljihu babu komai. Da aka tashi ta karɓi wayarta, sai fuskarta ta canza. Daga makarantar ɗanta ake ta kiranta tun safe, yaro yana kwance da zazzaɓi yana jiran uwarsa. Ta rasa ta ina za ta fara.

Baban 'Yan Biyu yana da abin faɗa cike da baki, amma ya haɗiye. Ya tsayar mata da mota, ya ce: "Je ki wurin ɗanki, 'yar'uwa. Ba sai kin shigar a manhaja ba."

Ta kasa haɗa ido da shi. Da safe ta soke sallamar, ta kuma tsaya a bakin ƙofar ɗakin injuna lokacin canjin aiki. Baban 'Yan Biyu ne farkon wanda ta tare, ta ce: "Yaya mai jiki?"

Darasi: Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Tsarin da ya dace da masu kwamfuta ba lallai ya dace da masu inji ba. Wanda aka ba amanar ma'aikata, ya fara sanin aikinsu kafin ya kafa musu doka. Ku tura wa duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ko a ji tsoron Allah.