Aljanin da Aka Kawo wa Hakimi a Gora

Wani hakimi mai kwaɗayi ya ƙyalla ido a kan garkar wani talaka, Nomau. Da ya rasa hanyar ƙwace ta, sai ya sa aka kira shi.

"Aljanin tsamiyar garkarka ke hana ni barci. Kamo min shi nan da Juma'a, ko garka ta zama tawa."

Ran Juma'a Nomau ya iso fada da gora, an toshe bakin goran da tsumma.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan ciki."

Hakimi ya girgiza goran. "Ƙarya kake! Ba komai a ciki."

"Aljani ai ba shi da nauyi, ranka ya daɗe. Buɗe ka gani. Sai dai ya rantse, wanda ya buɗe, a kansa zai tare."

Hakimi ya miƙa wa Sarkin Fada, shi kuwa ya ce hannunsa na ciwo. Liman ya tuna ba shi da alwala. Dogarai suka hau kallon sama.

"Ɗauki abinka ka koma garkarka!"

"A'a, ranka ya daɗe. Kai ka ce a kamo maka, naka ne."

Nomau ya fice, ya bar hakimi da gora a cinya yana zufa, ya kasa ajiyewa, ya kasa tashi.