Kura Ba Ta Da Ƙaho

Kai Habibu, rufe mini baki! Wai ni kake tambaya ko na san abin da ya sa wani baƙi a littafinka yake da lanƙwasa a ka? Don ban taɓa zama a aji ba? Ni na koya wa ubanka magana tun malaminku bai san hanyar makaranta ba. Ku matso. Ke Rabi, sauke ƙafa daga kan tabarmata.

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata akuya ce, sunanta Kyalla. Ko bihim ba ta sani ba, amma ba a yi mata wayo. 'Ya'ya uku ta haifa, Kura ta cinye biyu a hanyar rafi. Saura ɗaya, Dunƙule.

Hanyar rafin nan ɗaya ce tal, ta cikin kwazazzabo. A bakinta akwai wani dutse. Kullum da safe Malam Kurege yakan hau kan suri ya hango hanya, ya sauko ya rubuta abin da ya gani da gawayi a jikin dutsen.

Sai Kyalla ta kai Dunƙule karatu wajensa. In ya dawo, ba wasa. Ta kwanta tana tuƙa, ta ce, "Karanta mini da ƙarfi."

Ya ce, "Inna, ai ba ki iya ba."

Ta ce, "Idona ne bai iya ba. Kunnena malami ne."

Ya ce, "Kafa."

Ta ce, "Me za ka kafa, bukka? Ƙafa! Daga maƙogwaro."

Ya ce, "Kaya ta soke ni."

Ta ce, "Kaya ɗauka ake yi. Ƙaya ke suka."

Ya gaji, ya ce, "Inna, kara mini nono."

Ta ce, "Kara yana gona. Ka ce ƙara, ka sha."

Ya ce, "Ƙara!" Ta ba shi.

To, baki ya gyaru. Amma a zamanin nan baƙin duk iri ɗaya ne a rubuce, tsaye ƙiƙam kamar taɓarya.

Rannan suka zo dutse. Dunƙule ya karanta, "Kura a hanya." Kyalla ta sa shi gaba, sai gida, ba ko kurɓin ruwa. Ashe shanun Fulani ne suka wuce suka tada ƙura.

Kashegari suka dawo. "Kura a hanya." Suka sake sheƙawa. Ashe guguwa ce. Kwana biyu ba ruwa, nono ya ƙafe, Dunƙule har tangaɗi yake.

Kyalla ta tafi ta tsaya a bakin ramin Kurege. "Malam, fito! Kura ka gani ko ƙura?"

"Ƙura mana."

"To me ka rubuta?"

"Ai baƙin ɗaya ne, Kyalla. Haka muka tarar."

"Baki ya raba su, hannunka ya haɗa? Ɗaya tari take sawa, ɗaya 'ya'yana take ci!"

Kurege ya ce, "Ke da ba ki yi karatu ba za ki gyara mini?"

Ta sunkuyar da kai, ta saita masa ƙaho. Ya ce, "Ina jin ki, uwar Dunƙule."

Ta ce, "Ka ga wannan da ke kaina? Duk baƙin da ya fito daga maƙogwaro, ɗora masa irinsa."

Kurege ya ɗauki gawayi, ya ɗora wa baƙin ɗan ƙaho. Kyalla ta koma gida ta zaunar da ɗanta, ta yi masa waƙa. Ku amsa mini.

Ƙura mai ƙaho?

"A wuce a sha ruwa!"

Kura ba ƙaho?

"A tsaya, a tsaya!"

Ita kuwa Kura ta ji labari cewa sau biyu ana gudun ƙura. Ta ce, "Madalla." Da sassafe ta shiga kwazazzabo ta kwanta, tana ta tono da ƙafa, ƙura na tashi sama. Labarin ƙaho ne bai iso mata ba. Kuma Kurege ya hango ta tana shiga.

Rana ta uku Kyalla da ɗanta suka zo dutse, suka tarar da Tunkiya maƙwabciyarsu. Tunkiya ta ce, "Ga ƙurar nan ido na gani. Mu wuce, ƙishi zai kashe mu."

Kyalla ta dubi rubutu, ita dai zane take gani kamar tonon kaza. Ta dubi ɗanta, leɓensa duk ya bushe. Ta ce, "Karanta."

Dunƙule ya matsa, ya sa kofato a kan baƙin farko. "Inna, babu ƙaho."

"Duba dai da kyau."

"Babu, Inna. Ku-ra. Kura ce."

Tunkiya ta ce, "Ɗan jiya za ki bi?"

Kyalla ta ce, "Ni na ji karatunsa, ba ke ba." Sai ta ɗaga murya. "Ƙura, sannu da aiki!"

Daga cikin kwazazzabo aka ce, "Yawwa, sannu kadai! Ku ƙaraso."

Kyalla ta ce, "Tun yaushe ƙura take amsa gaisuwa?"

Ta kwarma ihu. Karnukan makiyaya suka ɓullo. Kura ta zabura tana atishawa, ƙurar da ta tada ta cika mata ido, ta ci karo da itace, ta tashi, ta arce. Ba a sake ganin ta a hanyar nan ba.

Suka gangara rafi. Dunƙule ya sha, ya sha, har cikinsa ya yi tulu. Kyalla ba ta sa baki ba sai da ya ƙoshi. Sannan ta lashe masa goshi, ta ce, "Kada kai ya kumbura. Akwai sauran karatu a gida."

Tun daga ranar baƙin nan yake da ƙaho. 'Yan'uwansa biyu, na ɗaki da na ɓera, suka gani suka yi sha'awa, su ma aka ɗora musu.

Ƙurunƙus kan kura, ba don ƙaho ba da ta yi kalaci.

Karatu a baki yake tsirowa kafin ya hau takarda, kuma yaro ba ya iyawa sai da mai sauraronsa. Kai Habibu, da safe ka kawo littafin nan ka karanta mini da ƙarfi, kunnena na nan. Yanzu ku tashi. Kowa ya wanke ƙafa, da ƙahonta na faɗa, ya je ya kwanta. Kada in ji motsin kowa.